Kafin ka sayi wufa: yadda ake zaɓen kayan sautin mota

Yau za mu ɗauki wayar hannu mu shiga da ita cikin mota, domin mu ga yadda waƙa ko karatu ko shirin da ke cikinta zai fito garau daga lasifika, ba tare da an kashe batir ko an ƙona wayoyin mota ba.

Idan ka tsaya a tashar Gaya ko ta Ajingi ka ƙirga motocin da ke lodi, za ka ga Golf 3 da Sharon da Vectra da 406 su ne a gaba, sai Corolla a hannun masu hawa na gida. Golf 3 ta fara fitowa ne a 1991, Sharon da 406 kuwa a 1995. Wato da yawa daga cikin motocin nan sun girmi matasan da ke tuƙa su, kuma rediyon da lasifikun da ke cikinsu an yi su ne tun zamanin kaset. Shi ya sa duk wanda ya samu ɗan kuɗi yake son ya gyara sautin motarsa.

Abin da aka saba gani shi ne, mutum ya bi ta Wudil ya shiga Kano, ya nemi wufar da ta fi kowacce girma da amfilifaya mai rubutun 3000W, ya dawo a ɗaura masa. Bayan sati biyu fitilar mota ta fara lumshe ido duk lokacin da ganga ta buga, murya ba ta fita sosai, da safe kuma sai an tura motar. Kayan sautin mota sarƙa ce guda: wuta, sai rediyo, sai lasifika, sai amfilifaya, sannan wufa. Wufa ita ce ta ƙarshe a layi, kuma wanda ya fara da ita yakan biya kuɗi sau biyu. Bari mu bi sarƙar ɗaya bayan ɗaya.

Lambar da ke jikin kwali

Ƙarfin kayan sauti ana auna shi da wat, amma lamba iri biyu ce ake bugawa. Akwai wadda ake rubuta RMS a gefenta, ita ce ƙarfin da na'ura za ta iya bayarwa ko ta ɗauka a kai a kai ba tare da ta lalace ba. Akwai kuma wadda ake rubuta MAX ko PEAK ko PMPO, ita wannan ƙarfi ne na ƙiftawar ido, kuma kowane kamfani yana ƙirga ta yadda ya ga dama. Babban rubutun da ke jan ido a gaban kwali kusan kullum ta biyun ce. Ta farkon sai ka juya bayan kwalin ko ka buɗe ƙaramin littafin da ke ciki.

Akwai ƙa'idar aune da ake kira CTA-2006. Kamfanin da ya bi ta yana auna ƙarfin amfilifaya ne a kan wuta bolt 14.4, da lasifika mai om 4, kuma gurɓatar sauti ba ta wuce kashi 1 cikin 100 ba. Idan ka ga an rubuta ƙarfi bisa wannan ƙa'ida, za ka iya kwatanta kayan kamfani biyu kai tsaye.

Idan babu wannan rubutu, ga hanyar da za ka kama ƙarya a tsaye a cikin shago. Duba fis ɗin da ke jikin amfilifayar. Na'ura ba za ta fitar da abin da ya fi wanda ta ja ba. A ce fis ɗin amfiya 30 ne. Ka buga 30 sau 14.4 a kalkuletan wayarka, zai ba ka 432. Wannan ita ce iyakar wutar da za ta shiga. Wani kaso kuma yana tafiya a zafi: amfilifaya ajin AB tana mayar da kusan kashi 50 zuwa 60 ne zuwa sauti, ajin D kuwa kusan kashi 80. Ke nan amfilifayar nan ba ta wuce wat 250 zuwa 350 ba, ko da an rubuta 3000W da ruwan zinare.

Haka ma rediyon da aka rubuta wa 50W x 4. Yawancinsu fis ɗin amfiya 10 ne a bayansu, wato wat 144 gaba ɗaya har da hasken fuska da Bluetooth. Ainihin abin da kowace lasifika ke samu yana tsakanin wat 15 zuwa 22 na RMS. Wannan ba laifi ba ne, ya ishi mota ƙarama, amma ka san abin da ka saya.

Fara da wutar motarka

Kafin ka kashe ko sisi, ka nemi maltimita, ko ka je wurin mai gyaran wutar mota ya auna maka abu biyu. Batir mai lafiya, idan mota ta kwana a kashe, zai nuna kusan bolt 12.6. Idan an tayar da inji, ya kamata ya hau zuwa tsakanin 13.8 da 14.4. Idan bai hau ba, altanetarka ba ta caji yadda ya kamata, kuma duk abin da ka ƙara wa motar batir ne zai biya.

Altanetar ƙananan motoci irin namu yawanci tana bayar da amfiya 70 zuwa 100 ne, kuma tana bayar da hakan ne idan inji na gudu. A tsaye a tasha ana jiran fasinja, abin da take bayarwa bai kai haka ba. Daga cikin wannan ne fitilu da fankar lagireto da famfon mai da na'urar sanyaya mota suke cin nasu. Amfilifaya ajin D mai wat 500 na gaskiya tana iya jan kusan amfiya 45 idan an ƙure ta, ajin AB mai ƙarfi ɗaya kuwa ta haura 60. Ka ga inda lumshewar fitila take fitowa. Wanda ke bin hanyar Gaya zuwa Ajingi bayan magariba ya san darajar fitila mai haske, tunda babura da masu keke da dabbobi duk a bakin titi suke.

Za a iya ce maka ka sayi kafasita ta gyara matsalar. Kafasita tana ajiye wuta kaɗan ne ta sake ta da sauri, ba ta ƙirƙirar wuta. Idan altaneta ta gaza, magani shi ne a rage girman amfilifaya ko a sa altaneta mafi ƙarfi.

Sai batun kunna sauti mota a kashe, a majalisa ko wurin biki. Batir mai 60Ah, idan kayan sauti na jan amfiya 15, cikin awa 2 ya zubar da rabinsa. Batirin tayar da mota ba a yi shi don a riƙa zuƙe shi haka ba, kuma duk lokacin da aka yi kwanansa na raguwa.

Rediyo: shi ne ƙofar shigar sauti

Abu na farko shi ne girman ramin da ke dashbod. Akwai ma'auni biyu da duniya ta sani: DIN ɗaya, mai faɗin milimita 180 da tsayin 50, da DIN biyu, mai faɗi ɗaya amma tsayin 100. Golf 3 ramin DIN ɗaya gare ta. Ka auna naka, ka ɗauki hotonsa a waya kafin ka tafi kasuwa, kada a zo ana fasa maka dashbod da wuƙa.

Ga abubuwan da suka kamata ka nema a rediyo:

- Bluetooth da ke ɗaukar waƙa da kira duka, tare da makirfo.
- Ramin USB a gaba, da ramin AUX don ranar da Bluetooth ya ƙi.
- Ramukan RCA a baya, aƙalla guda biyu-biyu na gaba da na wufa. Ta nan ake haɗa amfilifaya nan gaba.
- Saitin HPF da LPF, wanda ke raba sauti mai kauri da siriri.
- Maɓallin murya na murɗawa, wanda hannu zai samu ba sai ido ya bar titi ba.

Na'urar CD kuwa ka manta da ita. Ƙurar hunturu da gargadar hanya ba sa barin idonta ya daɗe.

Yanzu yayin manyan allon Android ake yi, kuma a nan ne aka fi cutar mutane. Allon nan ƙaramar kwamfuta ce, tana da masarrafi da RAM da ma'ajiya kamar wayarka. Mai RAM 1GB zai riƙa daskarewa da zarar ka buɗe taswira da waƙa tare. Ka nemi 2GB a ƙalla, 4GB ya fi kwanciyar hankali. A matsayina na mai rubuta manhaja zan gaya maka cewa lambar da ke fitowa a shafin bayanin na'ura rubutu ne kawai, wanda ya haɗa manhajar zai iya sa duk abin da yake so, har da sigar Android ta ƙarya. Don haka ka sa a kunna maka shi a shago, ka buɗe manhaja uku ko huɗu a jere, ka ga ko yana jan ƙafa. Ka saka CPU-Z ko AIDA64 ka duba sunan masarrafin: 8227L na ƙasa-ƙasa ne, UIS7862 ya fi shi nesa ba kusa ba.

Ka kuma bambance allon Android da Android Auto. Android Auto da Apple CarPlay hanyoyi ne da wayarka ke haska kanta a fuskar rediyo, aikin kuma wayar ce ke yi. Amma Android Auto ba ya aiki a wayoyin da ke ɗauke da Android Go, kuma da yawa daga cikin ƙananan wayoyin itel da Tecno masu sauƙin kuɗi Go ne a kansu. Ka duba taka kafin ka biya kuɗin abin da ba za ka mora ba.

Idan aljihu bai kai ba kuma tsohon rediyonka yana kama FM, akwai ɗan abin da ake soka wa a ramin kunna sigari. Yana karɓar waƙa daga waya ta Bluetooth ya watsa ta a matsayin ƙaramar tashar FM. Ka zaɓi lambar da babu kowa a kanta, nesa da 99.5 ta Freedom Radio da 93.1 ta Arewa Radio da 97.3 ta Rahma. Sautinsa bai kai na USB ba, amma ya fi babu.

Abin da ke cikin wayarka

Lasifika mai kyau tana tona asirin fayil mara kyau. Waƙar da aka ciro daga bidiyo, aka tura ta WhatsApp, wani ya sake matse ta, kafin ta iso gare ka ta Xender, ta riga ta zubar da rabin kyanta. Fayil ɗin MP3 mai 128kbps da mai 320kbps a ƙaramar lasifikar waya kusan ɗaya suke, amma a mota za ka ji bambanci a ƙarar kuge da siririyar murya. Idan kana amfani da Audiomack ko Boomplay ko Spotify, ka shiga saiti ka ɗaga ingancin saukewa, ka sauke waƙoƙinka a inda sabis yake da ƙarfi kafin ka kama hanyar ƙauye.

Filash kuma ka tsara shi a kan FAT32, domin rediyoyi da yawa ba sa karanta exFAT ko NTFS. Mai 16GB ko 32GB ya isa. Akwai filash na jabu da ke nuna 64GB alhali cikinsa bai kai haka ba, sai ka ga waƙoƙin ƙarshe sun ƙi buɗewa. Manhajar H2testw a kwamfuta tana cika filash ta sake karantawa, ta faɗa maka ainihin girmansa.

Lasifikun ƙofa: nan kuɗinka ya fi amfani

Kunnen mutum yana jin sauti daga kusan 20Hz zuwa 20,000Hz. Wufa tana ɗaukar ɗan yankin da ke ƙasa da 80Hz ne kawai. Duk sauran, wato muryar mawaƙi da ta mai karanta labarai da ta malami, da kalangu da kuntigi da fiyano, lasifikun ƙofa ne ke fitar da su. Wanda yawancin saurarensa labaran BBC Hausa ne da karatu da waƙoƙin Shata ko Ɗan Maraya Jos, lasifikun gaba masu kyau sun gama masa komai. Ko mai jin Hamisu Breaker da Ali Jita, murya ce gaba a waƙoƙin kafin duma.

Iri biyu za ka tarar. Na farko shi ne wanda aka haɗa babbar lasifika da ƙaramar tuwita a jiki ɗaya, ana rubuta masa coaxial ko 2-way. Yana da sauƙin ɗaurawa, cire tsoho ne a mayar da sabo. Na biyu shi ne wanda aka raba, ana rubuta masa component: babbar a ƙofa, tuwita a saman dashbod kusa da tsayin kunne, da ɗan akwatin da ke raba musu sauti. Wannan ya fi daɗi domin murya tana fitowa daga gabanka, ba daga wajen ƙafarka ba, amma ya fi tsada kuma yana son gwanin ɗauri. Kada rubutun 4-way ko 5-way ya ruɗe ka, yawan ƙananan tuwita ba shi ne inganci ba.

Ka kula da abu huɗu. Girma: yawancin ƙofofi inci 6.5 ko 5.25 suke ɗauka, bayan kujera kuma 6x9. Zurfi: idan maganaɗisun ya yi tsawo, gilashin ƙofa zai buge shi idan an sauke. Lambar dB da ke nuna saurin amsawa: bambancin dB 3 daidai yake da ninka wuta sau biyu, wato lasifika mai 91dB tana bayar da ƙarar da mai 88dB za ta bayar da rabin wutar. Idan da rediyo kaɗai za ka tura su, ka nemi mai 90 zuwa sama. Na huɗu shi ne abin da aka yi ta da shi. A watan Afrilu zafin yankinmu yana haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa yana wuce 60. Lasifika mai bakin soso tana ruɓewa ta zube a irin wannan zafi. Ka nemi mai bakin roba da fuskar leda mai ƙarfi, wadda ruwan damina da ke tsiyaya cikin ƙofa ba zai jiƙa ta ba.

Ƙofar tsohuwar mota tana karkarwa kamar gwangwani. Kafin a mayar da murfinta, a ɗaure duk abin da ya saki, a liƙa takardar roba mai hana jijjiga a bayan lasifikar. Wannan ɗan aiki yana ƙara kaurin sauti fiye da yadda kake zato.

Amfilifaya da lissafin om

Ba kowa ke buƙatar amfilifaya ba. Kana buƙatarta idan za ka sa wufa, ko idan kana tafiya gilashi a sauke kuma murya na fashewa kafin ta kai yadda kake so. Dokar haɗawa mai sauƙi ce: RMS na kowace tashar amfilifaya ya yi kusa da RMS na lasifikar da za ta tura. Lasifika mai wat 60, tasha mai wat 50 zuwa 75.

Mai tasha 4 ita ce ta fi dacewa da mai farawa. Tasha biyu su tura lasifikun gaba, sauran biyun a haɗe su su tura wufa guda. Ajin D ta fi dacewa da tsofaffin motocinmu, saboda ba ta cin wuta da yawa kuma ba ta zafi kamar AB.

Om shi ne ma'aunin yadda lasifika ke tare wuta. Yawancin na mota om 4 ne. Idan ka haɗa guda biyu kai da kai, wato ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma om 2, kuma amfilifaya za ta ja wuta kusan ninki biyu. Idan ka jera su ɗaya bayan ɗaya sun koma om 8. Kowace amfilifaya an rubuta mafi ƙarancin om da za ta iya ɗauka, kuma yawancin masu tasha 4 idan an haɗe tasha biyu ba sa son ƙasa da om 4. Saɓa wannan ne ke sa amfilifaya ta riƙa ɗaukewa tana kunna jar fitila, daga ƙarshe ta yi hayaƙi. Haka ma rediyo: rataya lasifika biyu ko uku a tasha ɗaya, kamar yadda wasu ke yi a motocin haya don sauti ya kai kujerar baya, yana ƙona shi.

Yanzu sai wufa

Tambayar farko ita ce, me kake ɗauka a but? Motar da ke ɗaukar buhun gero ko gyaɗa ko kayan fasinja ranar kasuwa ba ta da wurin akwati mai wufa biyu. Akwai siririyar wufa mai inci 8 da amfilifayarta a ciki, wadda ake turawa ƙarƙashin kujera. Ba za ta girgiza unguwa ba, amma tana cike gurbin duma a cikin mota, kuma wutar da take ja kaɗan ce.

Idan kana da wuri, wufa ɗaya mai inci 10 ko 12 da RMS 200 zuwa 300 ta ishi Golf ko Corolla. Akwatin yana da muhimmanci kamar wufar kanta. Rufaffen akwati ƙarami ne, dumansa a tsuke yake, kuma ko kafinta ya ɗan kuskure awo ba ya ɓaci sosai. Yawancin masu inci 12 suna son kusan lita 30 zuwa 35 a rufaffe. Mai rami ya fi ƙara amma ya fi girma, kuma sai an bi awon da kamfani ya bayar daidai. A yi shi da katakon MDF mai kaurin milimita 18, a toshe duk wata kafa, a kuma ɗaure shi da jikin mota, domin akwatin da ba a ɗaure ba yana zama makami idan aka taka birki da ƙarfi.

Wayoyin wuta da fis

Wannan shi ne sashen da ke raba mota mai daɗin sauti da motar da ta kama da wuta. Wayar da ke ɗauko wuta daga batir zuwa amfilifaya dole a sa mata fis kusa da batir, kada ya wuce santimita 45 daga kansa. Fis ɗin jikin amfilifaya na'urar yake karewa. Wannan na kusa da batir shi ke kare doguwar wayar idan ta goge ta taɓa ƙarfe. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Kuma idan fis ya ƙone, a nemi dalili, kada a naɗa masa zaren waya ko takardar sigari.

Kaurin waya ana rubuta shi da lambar AWG, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kauri. Lamba 8 tana isa har kusan wat 500, lamba 4 har kusan 1000. Amma ka duba ƙarfen ciki, domin akwai mai ƙatuwar riga da ɗan siririn zare. Akwai kuma wadda ake rubuta wa CCA, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Alminiyam yana ɗaukar kusan kashi 61 cikin 100 ne na wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya zai ɗauka. Ka kankare bakin wayar da wuƙa: idan cikin fari ne, CCA ce. Ta gaske ana rubuta mata OFC, kuma ta fi nauyi a hannu.

Wayar ƙasa ta zama gajera, mai kauri ɗaya da ta wuta, a ɗaure ta a ƙarfen da aka kankare fentinsa. Wayoyin RCA su bi gefe ɗaya na mota, wayar wuta ta bi ɗaya gefen. Kukan nan da ke tashi yana sauka tare da totur yawanci daga nan yake zuwa.

A bayan rediyo kuma, rawaya ita ce mai wuta kullum don riƙe saiti, ja tana samun wuta ne idan an murɗa makulli, baƙa ta ƙasa ce, shuɗiya mai ratsin fari ita ke tayar da amfilifaya. Idan aka haɗe ja da rawaya aka kai su batir kai tsaye, rediyo ba ya barci, batir kuma yana tsiyaya cikin dare. A wasu motocin Volkswagen da Opel an musanya gurbin waɗannan biyun a soket. Alamarsa ita ce rediyo ya manta tashoshi da agogo duk lokacin da ka kashe mota, maganinsa kuma a juya su kawai.

Saita GAIN

Maɓallin da aka rubuta wa GAIN a jikin amfilifaya aikinsa daidaita ta da ƙarfin siginar rediyo ne. Idan aka ƙure shi, sauti yana shaƙewa, kuma shaƙaƙƙen sauti shi ke dafa zaren lasifika. Ga yadda ake saita shi da lissafi. Ka ninka wat da om, ka nemi tushen murabba'in amsar. Wufa mai wat 250 a om 4: 250 sau 4 ya ba da 1000, tushensa kusan 31.6. Cire wayar wufa, kashe duk wani ƙarin duma, kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu, kunna sautin gwaji na 50Hz daga wata manhajar samar da sauti a wayarka, sa maltimita a kan AC a bakin fitar amfilifaya, ka murɗa GAIN a hankali har ta nuna 31.6. Daga nan ka sa LPF na wufa a 80Hz, HPF na lasifikun ƙofa ma a 80Hz, kowa ya tsaya a aikinsa.

Kunnenka da hanya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraren sauti. Ma'aunin da ta bayar ga manya shi ne dB 80 na tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin dB 3 yana raba wannan lokaci biyu. Mota mai wufa tana haura dB 100 cikin sauƙi, inda mintoci kaɗan suka isa su yi illa. Direban haya da ke wuni a mota shi ya fi kowa shiga wannan lissafi. Idan ka sauka kana jin kunnenka na ƙugi, ka wuce iyaka, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ka bar wa kanka damar jin hon da jiniya, kuma kada ka yarda a cire maka kariyar da ke hana bidiyo kunnuwa a allo mota na tafiya.

Ranar zuwa kasuwa

Mutumin Gaya ko Ajingi da ya sayo kaya a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, mayar da shi idan ya ƙi aiki kuɗin mota ne da wuni guda. Don haka a gama komai a shago. Ka tafi da awon dashbod da na ƙofa, da filash mai waƙoƙi uku da kunnenka ya sani sarai, da wayarka don gwada Bluetooth. Sunayen Pioneer da Sony da Kenwood da JVC da JBL suna da jabu da yawa, don haka ka buga lambar samfurin a intanet ka ga ko kamfanin ya san da ita, ka kwatanta hoton bayanta da wanda ke hannunka. Na hannu na asali mai lafiya ya fi sabon jabu. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar samfuri da sharaɗin canji.

Idan kuɗin ba za su isa a tashi ɗaya ba, ga jerin da zan ba ka shawara: gyaran batir da caji, sai rediyo mai Bluetooth da RCA, sai lasifikun gaba, sai amfilifaya tare da wayoyi na gaske da fis, sannan wufa. Bayan kowane mataki ka yi sati biyu kana saurare kafin ka ƙara wani abu. Mutane da yawa suna tsayawa a mataki na uku, sauran kuɗin su sayi taya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.